Kitson Auta

"Ajiye almakashin nan kafin ranki ya ɓaci!"

Ashe na makara. Fita ɗaya na yi zuwa bakin famfo in jiƙa wani yadi, kafin in dawo Auta ta zauna a gindin keken ɗinkina da babban almakashin da nake yanka da shi. Gashi tuli a kan cinyarta, wani ya zuba cikin kwandon ƙyallaye. Gaban kan nan duk ta gwaigwaye shi, wani wurin har fata ake gani. Na fizge almakashin, ita kuwa ko gezau.

"Kanki ɗaya kuwa?"

"Zafi nake ji, Anti."

"Zafi? Duk gidan nan ke kaɗai rana take gasawa?"

Ta ɗaura ɗankwalinta, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin teburin yankana, inda ta mayar wurin zamanta tun da aka dawo da uwarta daga asibiti. Yarinya ce mai shekara goma sha uku, doguwa, sai ta naɗe ƙafafu kafin wurin ya ɗauke ta. Ta bayan bango na ji uwar tana tari, tarin nan da ba ya fitowa kuma ba ya komawa.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ni tela ce, ni kaɗai nake zaune. Bango ɗaya ya raba ni da su Auta, bangon da in an yi atishawa can sai in amsa daga nan. Uban direban bas ne, Direba muke ce masa. Uwar kuwa kitso take yi, kowa Makitsiya yake kiranta. Ciwon daji ya cinye ta, kuma sallamar da aka yi mata a asibiti irin wadda likita ba ya haɗa ido da mutum ce. Duk gidan mun sani. Auta ma ta sani, amma ta ƙi zama a ɗakin.

Sai na faɗa muku yadda aka yi, don kada ku ɗauka yarinyar nan ba ta da tausayi.

Makitsiya tana da hannu. In ta kama kai, sai mace ta yi kwanaki ba ta iya dariya da kyau saboda ja, amma daga nesa mata suke zuwa su zauna a tabarmarta. Kuma duk sabon kitson da ta ƙirƙiro, a kan Auta take fara gwada shi. Ran Asabar da yamma, in masu kitso sun watse, sai ta buga cinyarta ta ce, "Zo nan, tallata." Auta ta zauna tsakanin ƙafafunta tana ƙorafi, uwar tana dungure mata kai da mataji, suna ta hira ƙasa-ƙasa kamar ƙawaye. Washegari yarinya ta fito bakin famfo tana juya wuya, mata su ce irin na Auta suke so.

Ana nan sai wata mata da take yi wa kitso ta samu taɓin hankali, aka kwantar da ita a asibiti, ta bar tagwaye mata 'yan shekara huɗu. Dangi kowa ya ce ɗakinsa ya yi kaɗan. Makitsiya da Direba suka je ofishin da ke kula da irin waɗannan yara suka ce su za su riƙe su. Ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, Allah ya saka musu. Ɗaya ba ta rufe baki, muka sa mata Rigima. Ɗayar sai ta wuni ba ka ji muryarta ba, muka sa mata Shiru.

Abin da ban so ba shi ne yadda aka yi da Auta. Ranar da yaran suka iso, ranar ta ji labari. Ta dawo daga makaranta ta tarar an raba katifarta, an kwashe littattafanta daga kan taga, kuma ta tashi daga Auta ta koma Yaya. Ni kaɗai na ƙi sauya baki. Komai ya taso sai a ce, "Ke ce babba, yi haƙuri." In Asabar ta zo, masu biya ne farko, sannan Rigima, sannan Shiru. Kafin a zo kan Auta yatsun uwar sun sage, rana ta faɗi. "Gobe, Yaya." Goben ta zo a ce jibi. Daga ƙarshe sai aka riƙa turo min ita in kama mata, ni da kitsona yake tafiya a karkace kamar hanyar da ruwa ya ci. Shekara biyu ke nan kan yarinyar nan bai ga hannun uwarta ba.

Na taɓa yi mata magana, don ni bakina ba ya ajiya.

"Tela, ba ki san bakin mutane ba," in ji ta. "Matar ofishin nan in ta zo, kan yaran take fara duba. Mutanen gidan nan ma haka. In aka ga nawa a gyare, na riƙo a tsefe, me za a ce?"

"To ita fa me za ta ce?"

"Tawa ai tawa ce. Ina za ta?"

Da aka dawo da ita daga asibiti, tagwayen suka hau gadon, ɗaya dama ɗaya hagu, ba mai iya ɓamɓare su. Auta ta leƙa sau ɗaya ta ce ba wuri, ta tattaro kayanta ta dawo ɗakina. Sai safiyar ranar da nake ba ku labari, Makitsiya ta tashi da ɗan ƙarfi. Muka ji ta ta bango tana cewa a miƙo mata mataji da kibiyar tsaga, tana so ta gyara kan yaran. Auta ta miƙe zumbur. Ta tsefe ɓarnar da na yi mata, ta wanke kai a bakin famfo, ta taje, ta je ta tsaya a ƙofar. Ina kallonta ta tagata. Rigima ta riga ta zauna tsakanin ƙafafun uwar.

"Yawwa, Yaya, miƙo min man can," na ji Makitsiya ta ce. "Bari in gama da ƙanwarki."

Ko rabin kan Rigima ba ta yi ba ƙarfin ya ƙare, aka kwantar da ita. Auta ta ajiye man ta dawo. Ga abin da ya biyo baya a kan cinyarta.

Na kwashe gashin na ƙunshe a ƙyalle. Na zauna, na tashi, na taka keke na ɓata wuyan rigar mutane, na sake tashi. Wata zuciya ta ce min mai jinya ce, ki bar ta ta tafi da kwanciyar rai. Wata ta ce in ta tafi a haka, wannan yarinyar ce za ta kwana da abin har ta tsufa. Na ɗauki ƙunshin na fita.

Direba yana zaune a bakin ƙofa yana juya makullin bas a yatsa. Ya daina fita aiki, amma makullin bai bar hannunsa ba.

"Anti Tela, barci take son yi."

"Ta yi daga baya."

Ɗakin yana warin magani da man kitso. An rage labule. Makitsiya tana jingine da matashi biyu, ta zama kamar rabinta. Tagwayen suna gefenta, Rigima da rabin kitsonta. Na kwance ƙyallen na ajiye a kan zanin da ta rufa da shi.

Ta sa yatsa ta taɓa. Ta ɗauki kaɗan ta murza. Mace ce da ta san kai kamar yadda na san yadi, ba sai an faɗa mata ba.

"Na gaban goshi ne," ta ce. "Mai laushin."

"Da almakashina ta yi."

"Don me?"

"Ni kike tambaya? Tun da asuba ta ji kin ce mataji ta wanke kai. Ta zo miki da shi a taje, kika aike ta ɗauko mai."

Ta rufe ido. Na ɗauka kuka za ta yi, amma ba ta yi ba.

"Na ce in gama da ƙaramar ne, sannan in zauna mata da kyau. Nata ne mai cin lokaci."

"Maman Auta, wane lokaci?"

Direba ya ce daga ƙofa, "Haba, Anti." Na san na yi kaushi, amma ban janye ba. Ita ma ba ta yi fushi ba. Ta buɗe ido ta ce, "Kira min ita."

Na je na durƙusa a gaban teburin. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce zan kore ta daga ɗakina.

"Ki kore ni."

"Uwarki ce take kiranki."

"Ai ba ta gama da ƙanwata ba."

Na koma na faɗa. Aka sake turo ni. Na sake dawowa hannu rabbana. Matar mai gyaran rediyo da ke wanki a tsakar gida ta ce, "Tela, yau sintiri kike yi ne?" Na ce ta ji da kumfarta. Direba da kansa ya je, ya sunkuya da ƙyar saboda tumbinsa, ya ce, "Yaya, fito mana, don Allah." Ta juya masa baya ta fuskanci bango.

Ya dawo yana share gumi. "Bari in ɗebi tagwayen nan in zaga da su a bas," ya ce. "In ɗakin ya zama ba kowa, wataƙila ta shigo."

Ai kafin ya rufe baki Rigima ta tsandara ihu. Shiru ta sauko ta rungume ƙafar gado da hannu biyu. Shi bai tuna ba, amma su ba su manta ba: ranar da aka ce su zo a zaga da su a mota, ranar suka rabu da uwarsu. Ya tsaya da makulli a hannu, bai san inda zai sa kansa ba. Ni ma tausayinsu ya kama ni, don su ma ba su yi wa kowa laifi ba.

"Ajiye makullin," in ji Makitsiya. "Ba inda za su. Ni za ka kai."

"Ina?"

"Ɗakin Tela."

"Ke da ko zama ba ki iyawa?"

"Shi ya sa na ce ka kai ni. Ɗauko kujerar robar nan."

Rigima ta ƙanƙame hannunta. "Mama, ni ma zan je! Ba ki gama min ba!"

Ina tsaye ina jira in ji ta ce to, taho. Shekara biyu abin da nake ji ke nan ta bango. Sai ta dafa kan yarinyar ta ce, "A'a. Ku zauna nan, Baba zai dawo ya zauna da ku. Ga bango nan, za ku riƙa jin muryata. Yanzu na Yayarku ne."

"Ni ban yarda ba!"

"Na sani. Yi kukanki, ba komai."

Haka Direba ya ɗauke ta da kujera gaba ɗaya, ya ratsa tsakar gida da ita, ni ina biye da mataji da kibiya da kwalbar mai. Masu wanki suka tsaya da hannuwa cikin ruwa. Ya ajiye ta a gaban teburin, ya ɗan tsaya, ta yi masa alama da ido ya koma. Ni ma na yi niyyar fita, ta ce in tsaya in riƙe mata baya kada ta zame.

Ta daɗe tana mayar da numfashi. Ƙafafun Auta kawai muke gani.

"Yaya," ta ce.

"Ni ba yayar kowa ba ce."

Ta can kuma Rigima tana ta tsala ihu tana dukan bango.

"Auta."

Ƙafafun suka motsa kaɗan.

"Ga 'yarki can tana kuka," in ji Auta. "Ki je."

"Babanku yana can."

"Za ki je ai. Kullum kina zuwa."

"Ki fito ki gani ko zan je. Ko ina so ma, da wace ƙafar?"

Wallahi sai da na kusa yin dariya. Auta ta leƙo, ido jajur. Wannan ne karon farko da ta ga uwarta a haske tun dawowarta, na ga yadda fuskarta ta sauya. Ta fito da rarrafe ta tsaya a kan gwiwoyi. Sai kuma ta fizge ɗankwalin ta jefar, kamar mai cewa to ga shi, sai ki san yadda za ki yi.

Makitsiya ta kama haɓarta ta juya kan dama, ta juya hagu, yadda take yi wa kowace mace kafin ta faɗi irin kitson da zai dace da ita.

"Kai, wannan aski! Ko akuya ta ci gona ta fi ki tsari."

"Ba abin da ya rage ai."

"Ke kike kitson ko ni? Juya." Ta shafa bayan kan. "Hannunki bai kai ƙeya ba. Akwai na kamawa a nan. Zauna."

"Ban ce ina so ba."

"Ni nake so. Na yi miki laifi, Auta. Na ɗauka ke tawa ce, za ki jira. Ban taɓa tambayarki ba ko sau ɗaya, tun ranar da na raba miki katifa." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ban yi da-na-sanin ɗauko su ba, kada ki ji na ce haka. Amma ke ma yarinya ce, na mance."

Auta ba ta ce ta yafe ba. Ta dai juya ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun, wuya a sandare. Duk lokacin da ihun Rigima ya ƙaru sai in ga kafaɗunta sun ɗaga, tana jiran a ce ta ɗan tashi. Makitsiya kuwa sai ta danna mata kai ta ce, "Sunkuyo."

Ta sa kibiya ta tsaga. Tsagar nan ta fita sak, wannan kam ciwo bai karɓe mata ba. Amma da ta zo kamawa sai yatsun suka riƙa zamewa. Ta kama, ya kwance, ta sake kamawa. Ina riƙe da bayanta ina jin ƙasusuwanta suna aiki ƙarƙashin tafin hannuna.

"Mama, ja mana."

"Ina ja."

"Ba na jin komai. Da in kika kama har idona nake ji."

"Da kuka kike yi kina cewa na cika mugunta."

"To yanzu ki ja."

Ta tattara abin da ya rage mata ta ja. Auta ta ce "Wash!" Sai kuma ta fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe a ajiye, ta kifa fuska a gwiwar uwar. Makitsiya ba ta ce ta yi shiru ba. Ta ci gaba da kitsa ƙeyar a hakan, tana ba ta labarin wata mata da ta taɓa zuwa da kai duk amosani ta ce ita na amare take so. Auta tana kuka tana dariya tana jan majina. Ni ma na goge fuska da rigar mutane, ban ma lura ba sai daga baya.

Guda biyu ta gama. Na ukun bai kai jela ba hannun ya faɗi a kan cinyarta.

"Sauran sai gaban ya tsiro," ta ce.

Da Direba ya zo ɗaukarta, Auta ce ta riƙe ƙafar kujerar ta gaba, suka shiga tare. Rigima ta gaji da kuka ta yi barci a ƙasa. Na ji Direba yana cewa Shiru ta matsa ta ba Auta gefen dama.

Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba. Da hantsi ne, ina cikin kafa maɓalli, sai na lura tarin ya daina. Na ajiye allura na kasa kunne. Sai muryar Direba ta fito a hankali yana salati. Na shiga na tarar Auta ta riƙe hannun uwar, Rigima tana tambaya me ya sa Mama ta ƙi buɗe ido. Na ɗauke ta na fita da ita tsakar gida, na yi ta zagawa da ita a kafaɗa, don ni kaina na kasa tsayawa wuri ɗaya.

Gida ya cika. Matan da ta yi wa kitso shekara da shekaru suka zo, wasu da ragowar aikinta a kansu. Kowace in ta zo fita sai ta dafa Auta ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Yanzu ke ce uwarsu, ki kula da ƙannenki." Na haɗiye ta farko, na haɗiye ta biyu. Da wata mai ƙaton gilashi ta zo ta maimaita sai na ce, "Baiwar Allah, ita kuma wa zai kula da ita? Uwarta ce ta mutu." Matar ta kalle ni kamar na zage ta. Ko a jikina.

Bayan an watse matar ofishin ta zo da jakarta. Ta yi gaisuwa, ta zauna a kujerar robar, ta ce in nauyin ya yi wa Direba yawa, za a iya nema wa tagwayen wani gida. Ina bakin ƙofata ina yin kamar ina warware zare. Direba ya gyara zama.

"Ni dai ina son su zauna," ya ce. "Amma sai na tambayi Auta. Wancan karon ba mu tambaye ta ba."

Ya kira ta, ya faɗa mata a gaban matar. Ta tsaya tana murza bakin ɗankwalinta.

"Ban sani ba tukuna, Baba."

"To," in ji shi. Ya dubi matar. "Kin ji. Sai ki ba mu lokaci."

Tun daga nan gidan bai zauna daidai ba. Direba ya koma aiki, yana fita yana dawowa a kan kari ya leƙa. Rigima ta rage surutu, ni na ƙarasa mata kitsonta da karkataccen hannuna. Auta kuwa wani lokaci ta kwana ɗakinsu, wani lokaci nawa. Gaban kan ya fara tsirowa, na ce ta zo in daidaita mata shi, ta yarda. Amma da hannuna ya nufi ƙeya sai ta kauce.

"Kada ki taɓa, Anti."

"Ya fara tashi fa. Zai dunƙule ya yi datti."

"Ki bar shi."

Na bar shi. Sau da yawa in tana zaune sai in ga hannunta ya zagaya baya yana lalube. Wata rana da la'asar na fito shanya na gan ta a bakin famfo da ɗan madubin uwarta, ta cire ɗankwali tana ta murɗa wuya. Ta juya nan, ta juya can, ta ɗaga madubin sama, ta sauke. Sai a lokacin na gane ba ta taɓa ganin kitson da idonta ba. Har na buɗe baki zan ce ta jira ni, sai na ga Shiru ta fito daga ɗakinsu, rungume da wani tsohon madubin gefen bas da Direba ya jefar a bayan ƙofa. Ta zo ta tsaya a bayan Auta ta ɗaga shi da hannu biyu.

Auta ta gan ta ta cikin nata madubin. Na ɗauka za ta kore ta.

"Ƙasa kaɗan," ta ce. "A'a, ya yi yawa. Yawwa. Tsaya a nan."

Madubin ya yi wa Shiru nauyi, amma ba ta sauke ba. Ni kuma na tsaya da jiƙaƙƙen yadi a hannu, ruwansa yana ɗiga a ƙafata.